Me ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo?

Tambaya: Malam, me ya sa WhatsApp ba ya barina in tura saƙo ga fiye da mutum biyar a lokaci guda?

Amsa: Da gangan aka yi, kuma asarar rayuka ce ta jawo. A 2018 jita-jitar ɓarayin yara ta bazu ta WhatsApp a Indiya, har gungun mutane suka riƙa kashe baƙin da ba su ji ba, ba su gani ba. Sai kamfanin ya ƙayyade turawa zuwa biyar a can, a Janairun 2019 kuma dokar ta game duniya. Tun Afrilun 2020, saƙon da ya bi hannu da yawa, mai kibiya biyu a samansa, wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a lokaci guda. In ka ga kibiyoyin nan, binciki wanda ya fara rubuta shi da kuma ranar da aka ɗauki hoton, in akwai hoto a ciki.