Mangaza a bakin gulbi: asirans ba za ta ɗaga maka fili ba

Wani mai sana'ar wake da aya a Maradi ya aiko da tambaya: "Ƙanin matata ya samo mini fili a gangare wajen gulbi, miliyan 3 na sefa, rabin kuɗin na tudu. Na biya, an ba ni takardar hannu da shaidu biyu. Mangaza zan gina in riƙa tara kaya har su yi tsada. Wace asirans zan yanka don a biya ni in ruwa ya shiga?"

Alhaji, ajiye maganar asirans tukuna. Kuskurenka ɗaya ne: ka biya kuɗi da bakin suruki, ba da idonka ba. Ka je filin nan a tsakiyar damina? Ka dubi katangun maƙwabta, ka ga zanen da ruwa ya bari a jikinsu? Araha ba ta ado. Wanda ya sayar rabin kuɗi ya san abin da yake gudu.

Kai ɗan Maradi ne, ka san tsohon gari a kwari yake. Ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka tashi aka hau tudu. Gulbin nan daga Najeriya yake gangarowa, yana iya cika ko ba a yi yayyafi a unguwarku ba. A ƙarshen Agustan 2024 kuma ruwan yini ɗaya ya rusa gidaje a cikin gari, har da asarar rayuka.

Na san wani da ya yi irin lissafinka. Ya zuba buhu 400 a mangazar da ɗan'uwansa ya zaɓar masa. Ruwan ko gwiwa bai kai ba, amma layin ƙasa ya jiƙe, wake ya kumbura ya fasa buhuna, tulin ya rufta cikin laka. Na tsaya a bakin ƙofar, warin bai bar ni na shiga ba. In an ƙiyasta buhu jaka 30, miliyan 12 ke nan, kuma rabi kuɗin mutane ne. Duk don ya rage miliyan 3 a kuɗin fili.

Gobe ka kai takardarka ma'aikatar magajin gari. Ka tambaya ko filin yana cikin lotisma, wato filayen da hukuma ta yanka don gini, ko kuwa hanyar ruwa ce da ba a yarda a yi gini a kai ba. Takardar hannu ba ta zama takardar mallaka, kuma izinin gini sai da takardun fili na gaskiya. Ka yi gini babu izini, ranar da aka tashi buɗe magudanar ruwa babu mai sauraron kukanka.

Ita asirans, ta mota da babur dole ce. Ta mangaza ganin dama ce, kuma galibi gobara take rufewa. Ambaliya sai an rubuta ta ƙarara a kwantiragi, da ƙarin kuɗi. Kamfani zai duba wurin, yana iya ƙi, kuma ranar biya zai nemi rasit da littafin kaya. Kana da su?

In ma'aikatar magajin gari ta ce wurin hanyar ruwa ne, kada ka aza ko bulo ɗaya. Ka zauna da surukinka gaban dattawa a nemo kuɗinka, ko ka mai da filin lambun rani. Kayan bana kuwa ka kama hayar mangaza a tudu, ka jera buhunan bisa katako.