Baƙin mai a lagireto: dila zai biya ko bakanike?

Tambaya: Barista, na sayi mota ta hannu a wurin dila mako uku da suka wuce. Bayan kwana goma na kai ta gareji aka yi mata sabis. Shekaranjiya na buɗe murfin lagireto, sai ga wani abu mai kauri kamar laka yana yawo a saman ruwan. Dila ya ce bakanike ne ya ɓata, bakanike kuma ya ce da ciwonta na sayo ta. Ina zan dosa?

Amsa: Malam, sannu da wannan ɓacin rai. Kafin komai, ka ajiye motar, kuma kada ka yarda kowa ya wanke lagireton tukuna. Wannan dattin, wanda alama ce ta mai ya gauraya da ruwa, shi ne babban shaidarka. Ka ɗauki hotonsa da bidiyo, ka ɗebi kaɗan a kwalba mai tsabta ka rubuta kwanan wata a jiki. Idan ka ci gaba da hawa har injin ya buga, kotu ba za ta ɗora wa wani asarar da kake da ikon kauce mata ba.

Alƙali ba zai tsaya kan wanda ya fi ɗaga murya ba. Abin da zai tambaya shi ne ta ina man ya shiga, kuma tun yaushe. Hanyoyin ba su da yawa. Akwai na'urar sanyaya mai, wadda bakanikai ke kira oyil kula, inda mai da ruwa ke wucewa kusa da juna da siririn ƙarfe a tsakani. Idan inji yana aiki, ƙarfin turin mai ya ninka na ruwa, domin murfin lagireto yawanci matsin kusan bar 1 (ma'aunin matsi) yake riƙewa, shi ya sa da ƙarfen ya huje sai man ya kutsa cikin ruwa. Akwai tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, da ya ƙone, ko tsagewar kan silinda, waɗanda sukan zo da ɗaukar zafi da farin hayaƙi. Idan motar otomatik ce kuma dattin ya yi ja-ja, man giya ne ya ɓalle cikin lagireto, ba baƙin mai ba. Sai kuma kuskuren hannu: wani ya zuba mai a tankin ruwa.

Saboda haka ka nemi bakanike na uku wanda ba ruwansa da kowa a cikinsu. Ya gwada matsin ruwa, ya gwada oyil kula ita kaɗai, ya auna kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska, na kowace silinda, ya yi gwajin ruwan nan shuɗi da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji na shiga lagireto. Ka roƙe shi ya duba tiyo da kyau. Mai yana cin roba a hankali, don haka tiyon da ya kumbura ya yi laushi yana nuna ciwon ya daɗe. Idan kuma ya ga ragowar maganin toshe yoyo a ciki, to wani ya san da matsalar ya rufe ta. Duk abin da ya gani ya rubuta ya sa hannu, kuma ka gayyaci dila da bakanikenka a rubuce su halarci gwajin, don kada gobe su ce a bayan idonsu aka yi.

Idan rahoton ya nuna tsohon ciwo ne, haƙƙinka yana wuyan dila. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda ƙasashe da dama suka gada, ta ɗora wa mai sana'ar sayar da kaya nauyin kayansa su kasance masu amfanuwa, sai dai aibin da dubawar mai saye ya kamata ta gano, in ya duba. A fiƙihun Musulunci ma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi. Za ka iya neman a karɓi motar a dawo maka da kuɗinka, ko a gyara, ko a rage farashi. Amma lokaci yana da muhimmanci: a Birtaniya, dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 kacal na mayarwa kai tsaye, kowace ƙasa kuma da nata wa'adin. Ka duba rasit ɗinka ko an rubuta garanti, ko an ce ka saya yadda ka gan ta. Wannan sharaɗin yana rage maka ƙarfi, amma ba ya wanke wanda ya ɓoye aibi da gangan.

Bakanike kuwa sai an nuna sakacinsa, kamar ya zuba mai inda bai dace ba, ko ya juye ruwa bai fitar da iska ba har injin ya ɗau zafi. Canjin mai da filta kawai da wuya ya huda oyil kula, don haka a ganina tuhumar ta fi karkata ga dila.

Da rahoton ya shigo hannunka, ka aika wa wanda ya shafa takardar neman haƙƙi, ka haɗa da kwafin rahoton da hotuna, ka ba shi kwana 14. In ya yi biris, sai hukumar kare masu saye ta ƙasarku ko kotu. Duk ƙarfen da aka cire daga motar, ka karɓa ka adana a wurinka.