Me ya sa dankalina yake baƙi idan na soya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi dankalin turawa mai yawa, na zuba a firiji don kada ya lalace. Da na soya sai ya yi duhu tun bai nuna ba, ga wani zaƙi-zaƙi a baki. Wanda na dafa kuwa lafiya lau. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Laifin firiji ne, ba na hannunki ba. Dankali yana da rai ko bayan an tono shi, kuma idan sanyi ya kai wajen digiri 4 a ma'aunin Celsius, sitacin cikinsa yakan fara juyewa sukari. A ruwan dahuwa sukarin ba ya ɓarna, shi ya sa dafaffen bai ba ki matsala ba. A tafasasshen mai kuwa sai ya ƙone da wuri, baya ya yi baƙi, ciki ɗanye. Tare da duhun nan ne sinadarin akrilamaid yake ƙaruwa, wanda masana ke gargaɗi a rage cinsa.

Don haka ki raba shi gida biyu. Na suya da gashi ya fi son digiri 7 zuwa 10, ko dai wurin da ya fi ko'ina sanyi da duhu a gidan. Na dahuwa ne kaɗai zai jure firiji. Wanda kika riga kika saka, ki fito da shi ya yi mako ɗaya ko biyu a waje, sukarin zai ragu. Ranar suya ki yayyanka, ki jiƙa minti 30, ki tsane shi sosai, ki kwashe da zarar ya yi ruwan zinare.

Don ki san wanda za ki fara ci, ki murza fatar dankalin da babban yatsa. In ta saɓule, sabon tono ne, ba ya jimawa, da shi za ki fara.

Kada ki wanke shi kafin ajiya, kuma ki raba shi da leda, domin gumi yake yi a ciki ya ruɓe. Kwando ko buhun takarda ya wadatar. Abin da na fi damuwa da shi haske ne: yana sa fata ta yi kore, gubar solanin ta taru a wurin, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ki yanke koren da tsiron da zurfi. In koren ya yi yawa ko kika ji ɗaci, ki zubar, kada ki ba yara.