An tsare maka kwantena, kuma ko takarda ɗaya ba ka riƙe ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kuloli da filas da kayan kicin a Sabon Gari, Kano. Bana na yi odar kwantena ta farko daga Guangzhou a ƙasar Sin, kaya na dala 18,000, kuɗin jirgi da inshora dala 4,000. Ɗan yayata da ke Legas ya ce in ba shi naira miliyan 7, ya fitar da ita daga tashar jirgin ruwa ta Apapa ya kawo min har Kano. Na tura masa. Yanzu kwastan sun tsare motar a hanya, sun ce ba a biya kuɗin fito daidai ba. Shi kuma ya ce in ƙara miliyan 2 a sasanta. In tura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura ko sisi tukuna. A wasiƙarka ka faɗi abin da ka biya da wanda ka ba, amma ba ka ambaci takarda ko ɗaya ba. Nan ne kuskurenka. Ka ɗora kaya na fiye da miliyan 30 a kan kalmar baki, don mai maganar ɗan yayarka ne. Da baƙo ne, da ka nemi rasidi tun ranar farko.

Mu yi lissafin da ya kamata ka yi kafin kaya su bar Sin. Kwastan ba kuɗin kaya kaɗai suke dubawa ba, suna haɗa shi da kuɗin jirgi da inshora. Naka dala 22,000 ke nan. A ce canjin kwastan naira 1,500 ne a dala, ya zama miliyan 33. Jadawalin fito na ECOWAS da Najeriya ke bi rukuni biyar ne: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35. Galibin kayan gida da aka gama ƙerawa suna kashi 20, wato miliyan 6 da dubu 600. A kan wannan kuɗin fiton akwai ƙarin kashi 7, dubu 462. Akwai rabin kashi ɗaya na ECOWAS a kan miliyan 33 ɗin, dubu 165. Akwai wanda ake cirewa a kan kuɗin kaya zalla: da kashi 1 ne, dubu 270 a naka, sai dokar kwastan ta 2023 ta kawo kashi 4, wanda a 2025 aka fara karɓa, aka dakatar, aka sake dawo da shi. Daga ƙarshe VAT, kashi 7.5, kuma a kan jimillar duka ake ɗora shi har da kuɗin fiton, ya haura miliyan 3. Ko da kashi 1 ɗin aka yi aiki, haƙƙin gwamnati kaɗai ya kai miliyan 10 da rabi, kusan sulusin darajar kayan.

Ba a zo kan kuɗin kamfanin jirgi ba, da na tasha, da ladan eja mai fitar da kaya daga tasha, da motar da za ta ɗauko kwantena daga Legas zuwa Kano. To ta yaya miliyan 7 za ta rufe duk wannan? Ba za ta rufe ba, sai an yi ƙarya a takarda. Hanyoyin kuma sanannu ne. Ko a sa mai kaya a Sin ya rubuta farashi rabin gaskiya. Ko a canza lambar HS, lambar da ke nuna rukunin kaya, a mai da kuloli su zama kayan masana'anta na kashi 5. Ko a rage adadi, katan 900 su koma 400. Arha ba ta ado, Alhaji. Ranar da aka faɗa maka miliyan 7 ka ji daɗi, kuma jin daɗin nan ne ya hana ka tambaya.

Ba ina cewa yaron ya cuce ka da gangan ba. Da yawan masu cewa suna kiliyarin a Apapa ba su da lasisi. Su karɓi aiki, su miƙa wa mai lasisi, kowa ya yanki nasa, abin da ya rage shi ake daidaita takarda da shi. Amma hukuma ba ruwanta da wannan sarƙa. Sunan da ke kan takardar shigo da kaya shi ke da alhaki, kuma kayan da ke kwance a bakin titi naka ne.

Yau ɗin nan ka kira shi, ka ce ya turo maka hoton takardu shida: Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, da aka buɗe a banki, PAAR, rahoton tantance kaya da kwastan suka fitar kafin kaya su iso, takardar jirgi, takardar bayanin kaya da ake kira SGD mai ɗauke da lambar da ta fara da C, takardar ƙiyasin kuɗin fito, da rasidin banki. Ba bayani kake so ba, hoto kake so. In sun zo, ka ajiye su gefe da ainihin takardar farashin da mai kaya ya ba ka, ka bi da yatsa layi-layi. Sunan wa ke wurin mai karɓar kaya? Me aka ce kayan ne? Katan nawa? Dala nawa? Sai ka kai idonka kan adadin da ke jikin rasidin banki. Sau da yawa a nan ake ganin an ba eja miliyan 7, gwamnati ta karɓi 3. In ya fara kwana-kwana, wai takardu na wurin oga, ka riga ka samu amsa.

Abin da takardun suka nuna shi zai faɗa maka girman matsalar. In ragin biya ne, ana fitar da takardar neman cikon kuɗi, wadda masu harkar ke kira DN. A banki ake biyanta, a kan lambar da kwastan suka fitar, a ba ka rasidi. Miliyan 2 da za ta shiga asusun wani mutum ba ta goge ragin da ke cikin kwamfutar kwastan. Ko motar ta wuce wannan shinge, akwai wani a gaba, kuma suna da ikon bin kaya har sito bayan an sauke. Ka je da kanka, ko ka ɗauki eja mai lasisi wanda ba shi da hannu a aikin farko, a kai takardun ofishin rundunar da ta tsare motar. Kada a ɓata lokaci, don mai mota yana lissafin kwana, kamfanin jirgi ma yana lissafin kwanakin da kwantenarsa ba ta koma ba. In kuwa an cusa kayan da aka haramta shigo da su a cikin kwantenar, ko sunan da ke takarda ba naka ba ne, wannan ya wuce sasanci. Lauya za ka nema, kuma ka shirya jin cewa ana iya ƙwace kayan.

Ka kuma sani cewa ƙarya a farashi tana cizo ta wani gefen. Kaya na dala 18,000 da aka rubuta 9,000, in ruwa ya shiga kwantena, inshora a kan abin da aka rubuta za ta tsaya.

Odar gaba, ka juya tsarin. Fom M da sunan kasuwancinka da lambar harajinka, a bankinka, kafin a ɗora kaya. Ka tabbatar da lambar HS tun kana ciniki, ka duba ko kayan na buƙatar takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, don ita tun daga can ake fara ta. Kuɗin fito ka biya da kanka a banki. Eja ladansa kawai za ka ba shi, a rubuce, kowane caji da rasidinsa. Ka bar sarari a lissafi saboda canji: a farkon 2023 kwastan na lissafa dala ƙasa da naira 500, a farkon 2024 ta haura 1,400, kuma waɗanda suka sa farashi da tsohon lissafi sun sha wuya. In ka haɗa duka ka ga kula ɗaya za ta tsaya maka sama da farashinta a Sabon Gari, to wannan odar ba riba a cikinta. Masu cewa kwantena ɗaya tana ninka jari, ka tambaye su rasidin kuɗin fitonsu.

Maganar ɗan yayarka kuma, kada ka kai ta gaban mahaifiyarsa kafin takardu su zo hannunka. In sun zo, ku zauna da wani babba a dangi, a ajiye rasidin banki da shaidar miliyan 7 da ka tura, a tambaye shi inda ragowar ta shiga.