Filin Tambayoyin Masu Karatu: Hedifon da Aka Yi wa Kwaskwarima

Wasiƙun da suka shigo a wannan karon kusan duk a kan hedifon suke, musamman irin wanda aka taɓa: an canja masa soso, ko an buɗe cikinsa an yi cushe, ko ana shirin lanƙwasa ƙarfensa. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya, daga wani matashi a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin haɗa sauti a wani ƙaramin sutudiyo. Soson hedifon ɗina na fatar roba ne, ya fara ɓarewa yana bar mini baƙin gari a kunne da wuyan riga. Na sayo na karammiski na saka. Zufa ta ragu, kunnena ya huta, amma bes ya gudu, muryoyi kuma sun yi tsini. Jabu aka sayar mini, ko ni na lalata shi wajen sakawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba abin da ka lalata, kuma ba dole ne a ce jabu aka ba ka ba. Soson nan ba don jin daɗin kunne kaɗai aka yi shi ba, da shi aka auna sautin tun a masana'anta. Idan ka kifa hedifon a kanka, tsakanin 'yar lasifikar ciki da dodon kunnenka akwai iskar da aka killace, kuma soson ne ya killace ta. Fata, ta gaske ko ta roba, tana rufewa ruf, iska ba ta samun mafita, shi ya sa bes, wato ƙasan sauti mai gunji, ke taruwa ya yi kauri. Karammiski kuwa saƙa ne, iska na ratsa shi. Ta inda zufarka ta samu sauƙi, ta nan bes ɗinka ya fice. Ka tambayi mai kalangu: fata ɗaya ce, amma da zarar an canja icen da aka ɗaura ta a kai, amon ya canja.

Tsinin murya kuma ta hanya biyu yake zuwa. In ƙasan sauti ya ragu, samansa mai kaifi sai ya fito fili ko ba a ƙara masa komai ba, kai kuma sai ka riƙa ƙara ƙarfin sauti kana neman bes ɗin da ya ɓace, tsinin ya bi ka. Sannan kaurin sabon soson da faɗin raminsa ba lallai su yi daidai da na tsohon ba. Ramin kunnen ɗan Adam da kansa yana ƙara wa sauti ƙarfi a wajajen 3,000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne), daidai inda kaifin murya yake, don haka 'yan milimita na nisa ko kusanci sun isa su sauya yadda mawaƙi ke faɗo maka a kunne.

Da saurare kawai kake yi, da na ce in ya yi maka daɗi ka bar shi. Amma kai sana'a kake yi da shi. Hedifon da ke ɓoye maka bes zai sa ka riƙa zuba shi a waƙa ba ka sani ba, sai mawaƙin da ya biya ka ya sa ta a mota ya ji ƙofofi na rawa, murya ta nutse. Saboda haka ko dai ka nemi soson asali na samfurin, ko ka nemi na gauraye, wanda gefensa fata ne, fuskar da ke taɓa kumatu kuma yadi. Shi ne ya fi dacewa da zafinmu, duk da shi ma yakan ɗan taɓa sautin.

Kada ka yarda da abin da kake tunawa na tsohon sauti, kunne ba ya riƙe irin wannan bambanci sai na 'yan daƙiƙoƙi. Ka mayar da tsohon soso a ɓangare ɗaya, ka bar sabo a ɗayan, ka sa waƙar da ka sani sarai, ka mayar da ita mono yadda kunne biyu za su ji abu guda. Nan take za ka ji wanne ya ci me. In kuma kana amfani da manhajar daidaita sauti irin Equalizer APO a kwamfuta ko Wavelet a waya, ka sani cewa saitin da ake saukewa daga intanet da soson asali aka auna shi. Ka canja soso, saitin ya tashi aiki.

Ɓarewar kuwa halin fatar roba ne. Fentin roba ne aka shafa a kan yadi, zufa da man kai da zafin Afrilu su ke cinye shi. Goge shi da tsumma mai ɗan danshi bayan aiki yana ƙara masa kwana, amma ba ya hana shi mutuwa.

Tambaya, daga wani mai ɗinki a Kano: Malam, na ga soson fatar rago da ake sayarwa daga waje, kuɗinsa ya kusa rabin na hedifon ɗin. Mu da muke da fata da dukawa, me zai hana in kai a ɗinka mini?

Amsa: Ba abin da zai hana, ɗan'uwa, kuma wannan tambaya ta yi mini daɗi. Fatar da ake jemewa a ƙasar nan ba ta da abin kunya a gaban ta kowa, dukawan Kurmi da Ƙofar Wambai kuma sun ɗinka abin da ya fi wannan wuya. Matsalar ba a fatar take ba, a awo da soson ciki take. Ka farke tsohon a hankali ka kai wa baduku ya zama masa ma'auni: faɗin rami, tsayinsa, kauri, da leɓen da ke kama jikin hedifon. Ka ce ya nemi fata mafi siranta da laushi, ba irin ta takalmi ba, kuma ɗinkin ya koma ciki kada ya riƙa gurzar kumatu. Soson katifa ba zai yi ba, yana da tauri kuma ba ya bin siffar fuska, sai ya bar kafa a bayan kunne. In na cikin tsohon bai mutu ba, a mayar da shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne biyun su fito tagwaye. In ɗaya ya fi ɗaya kauri, mawaƙi zai karkata gefe guda, kuma ba za ka daina jin hakan ba.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko mini da Fostex T50RP na hannu, wanda mai shi na farko ya yi wa kwaskwarima da kansa. Ya ce masu son sauti a can suna ji da irinsa. Ni a sanina abin da aka taɓa buɗewa darajarsa ta faɗi. Ta yaya wanda aka farke zai fi na cikin kwali? Kuma wayata za ta iya ɗaukarsa?

Amsa: Malam, ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, sai dai akwai sauran magana. Yawancin hedifon lasifikarsu irin ta rediyo ce aka ƙanƙantar. Wannan na kamfanin Fostex na Japan ba haka yake ba. A cikinsa wani siririn falle ne kamar leda, an shimfiɗa masa hanyoyin lantarki, an sa shi tsakanin maganaɗisu gaba da baya, sai fallen ya motsa gaba ɗayansa a tare. Irin wannan ƙira a hedifon masu tsada aka saba ganinta, shi kuwa an saka ta a kwanson roba mai sauƙin kuɗi da siririn soso, don aikin sutudiyo. Masu sha'awa suka lura cewa lasifikar ta fi ƙarfin kwanson da aka ba ta, sai suka duƙufa gyaran kwanson.

Ga yadda aikin yake. A cire soso, a kwance sukurori, a ɗaga allon da lasifika ke manne a kai a hankali, domin siraran wayoyi ne ke riƙe da shi. Bayan lasifikar fili ne wayam, sautin da ya fita ta baya sai ya daki roba ya dawo ya gurɓata na gaba. Shi ne ake shimfiɗa auduga ko ulu a ciki don su shanye shi. A bayan allon kuma a liƙa irin yumɓun roba da yara ke wasa da shi, ya ƙara masa nauyi ya daina karkarwa. Akwai 'yan kafofin iska a jikin kwanson, a rufe wani sashe nasu da salatif, da shi ake ƙara bes ko a rage. Auduga ta yi yawa, sauti ya bushe ya shaƙe. Ta yi kaɗan, ya riƙa gunji. Daga ƙarshe a sa soso mai kauri da madaurin fata a ƙarƙashin ƙarfen kai, wanda ke baza nauyin a faɗin kai maimakon ya taru a tsakar ka.

Daga wannan wasan kamfanoni suka fito. Dan Clark na birnin San Diyego da gyaran T50RP ya fara a 2012, yana sayar da shi da sunan Mad Dog, yau kamfaninsa na ƙera nasa na kansa. Shi ma Zach Mehrbach na kamfanin ZMF da shi ya fara, har ya koma sassaƙa masa kwanson katako. To amma su da na'ura suke auna kowane ɓangare. Wanda ya yi a ɗakinsa da kunne kawai, Allah kaɗai Ya san abin da ya cusa, kuma son ransa ya bi, ba naka ba. Ka sa ƙanenka ya tambayi abin da aka saka, kuma ko an yi amfani da gam mai kamawa har abada. Gyaran da za a iya warwarewa shi ne gyara. In ya iso, ka nemi sautin gwaji da ke tashi daga 20 Hz yana hawa sama, ka rufe ido. In ya tsaya a tsakiyar kanka yana hawa, aiki ya yi kyau. In yana yawo daga dama zuwa hagu, cushen bai zo ɗaya ba.

Batun waya, za ta fitar da sauti amma ba za ta ƙosar da shi ba. An rubuta masa om 50, ma'aunin tirjiyarsa ga lantarki ke nan, wanda ke sa mutum ya zaci mai sauƙin sha'ani ne, alhali irin wannan lasifika cin wuta gare ta. Sai da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, kuma in za a haɗo maka, mai batir a jiki ya fi, saboda halin wutarmu. Ka tanadar masa jaka ma, ƙurar hunturu ba ta jituwa da falle da maganaɗisu. Ra'ayina: in kyauta ce, hannu biyu. In kuɗinka za a cira, gara a sayo wanda ba a taɓa ba, ka canja soso da madauri kawai, ka zauna da shi wata guda kafin ka taɓa sukudireba.

Tambaya, daga wata baiwar Allah a Kaduna: Ɗana ya saya mini Sennheiser HD 600 don sauraren karatun Alƙur'ani da tafsiri. Muryar mai karatu tana fita tamkar yana gabana. Amma bayan rabin awa sai gefen kaina ya ɗauki ciwo, musamman inda ƙafar tabarau take. Yaron ya ce zai buɗe shi a kan tarin littattafai ya kwana don ya saki. Ya yi?

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa yaron albarka, ya iya zaɓe. Wannan samfuri tun 1997 yake kasuwa, kuma fitar da murya ita ce gwanintarsa. Ba nauyi ke damun ki ba, bai wuce giram 260 ba. Matsi ne, kuma an san sabonsa da haka.

Dabarar littattafai tana da illa biyu: tana danne soson ya kwanta, kwantaccen soso kuma yana dusashe muryar nan da kike yabo, sannan tana ɗora wahala a kan robar sama, wadda ke iya tsagewa. Maimakon haka, ya zaro ɓangarorin kunnen biyu har ƙarshe yadda ƙarfen ciki zai fito. Ya riƙe ƙarfen kaɗai da manyan yatsu biyu, ya ɗan lanƙwasa shi waje, kaɗan, ya yi wa ɗayan ma haka, ki gwada. In bai isa ba ya ƙara. Kada ya taɓa robar. Tabarau kuma, ki ɗaga ƙafafunsa su hau saman soso maimakon su shiga ƙarƙashi, ko a samo mai siraran ƙafafu. In a kan ɗankwali kike sawa, mai shara-shara ya fi, yadi mai kauri yana shanye kaifin haruffa.

Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai. Bayan wannan hedifon a buɗe yake, ƙarar janareta da ta yara duk shiga suke yi, sai mutum ya riƙa ƙara sauti don ya danne su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar babban mutum ita ce desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In kin cire shi kin ji kunne na tsuwa, an wuce gona da iri. Gara ki nemi lokacin da gida ya yi tsit, kamar bayan asuba.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kumasi: An ce in na sa kebul na azurfa sauti zai ƙara haske. In saya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Gaskiya ne azurfa ta fi tagulla sauƙin wuce da lantarki, amma da ɗan abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma a tsayin mita ɗaya ko biyu wannan bambanci bai kai ya isa kunne ba. Wanda ya biya kuɗi mai yawa yakan ji hasken da ya sa rai zai ji. Kebul ana canja shi ne in na da ya tsinke a wuyan fulogi, ko yana yanke ɓangare ɗaya, ko ya cika tsayi, ko yana kai ƙarar gogar riga cikin kunne. In ɗaya daga cikin waɗannan ne, ka sayi na tagulla mai laushi, ka tabbata bakinsa ya dace da ramin hedifon ɗinka, domin kowane kamfani da irin nasa.