Fasaha, Tazarce da Zomon da Ke Cikin Waya

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, 'yan jarida kan ce "manyan kamfanonin fasaha" idan suna nufin Google da Meta da Apple. Mu kuma a makaranta an koya mana cewa mawaƙi ne mai fasaha. Wanne ne daidai?

Amsa: Ɗana, malaminku bai yi kuskure ba, 'yan jaridar ma suna da hujja. Kalmar Balarabiya ce, kuma a gidansu tana nufin tsabtar harshe, magana ta fito tas ba gargada. Daga nan muka samu fasihi. Da Alhaji Aƙilu Aliyu ya fitar da kundin waƙoƙinsa mai suna Fasaha Aƙiliya, ba wanda ya zaci littafin gyaran rediyo ne. Amma Bahaushe bai bar kalmar a baki kaɗai ba, ya sauko da ita hannu. Badukun da ya rina fata ya tsaga ta siriri ya kitsa, maƙerin da ya fitar da linzami ba ƙaya ba tsatsa, duk masu fasaha ne. Saboda haka lokacin da makarantu da gidajen rediyo suka nemi sunan ilimin ƙere-ƙere, ba su je da nisa ba, suka ce kimiyya da fasaha.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an mai da kalmar jakar magori. Za ka ji an ce "an karrama matasa masu fasaha", ka rasa ko masu waƙa ne, ko masu zane, ko masu rubuta manhaja. Mai fassarar labarin ya san wanda yake nufi, ragwanci ne ya hana shi faɗa. Ita ma manhajar, jiya-jiyan nan tsarin karatun makaranta ce, yau ta zama abin da ake saukewa a waya. Wannan ban damu da shi ba, tun da ba a rikita su a zance.

Inda na fi jan tunga shi ne "ƙirƙirarriyar basira", wadda ta cika kunne tun da aka saki ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi kamar mutum, a ƙarshen 2022. Basira ganin zuci ce, irin na alƙalin da ya gane maƙaryaci tun kafin ya rufe baki. Na'urar nan kuwa an ɗura mata rubutun mutane ne mai ɗimbin yawa, tana lissafin wace kalma ta fi dacewa ta biyo wace. Aikin yana ban mamaki, ban musa ba. Da ni aka tambaya, da "kwaikwayon basira" na ce. Kamfanonin da ke sayar da ita ba za su so hakan ba, mu kuma mun ba su sunan yabo kyauta. Yanzu dai bakin alƙalami ya bushe, ni ma haka nake rubutawa, ina guna-guni.

Tambaya: Malam, daga ina aka samo "saƙon kar-ta-kwana"?

Amsa: Ya girmi waya. Saƙo ne na gaggawa da ba a yarda ya kwana a hannun ɗan aike ba. Wanda ya fara laƙaba wa saƙon waya wannan suna ya iya Hausa.

Tambaya: Gwamna ya nemi wa'adi na biyu, an ce yana neman tazarce. Na ce ba haka ba ne, abokaina suka yi mini dariya. Malam, a raba mu.

Amsa: 'Yata, kin fi su gaskiya, sun fi ki yawa. Kalma biyu ce aka haɗe, "ta zarce", wato gwamnati ta wuce inda aka yi za ta tsaya. Ta yi tashe a 1998, lokacin da jam'iyyu biyar na Nijeriya duk suka tsayar da Janar Sani Abacha ɗan takararsu, kafin rasuwarsa a watan Yuni na shekarar. Har riga aka sa wa sunan. Ta sake tasowa a Nijar a 2009, da Shugaba Mamadou Tandja ya kusa gama wa'adinsa na biyu ya shirya ƙuri'ar raba-gardama don ƙara shekara uku, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Kin ga a duk biyun akwai ƙaurin tsallake iyaka. Wanda tsarin mulki ya ba shi damar zango biyu, ya nemi na biyun, bai zarce ko'ina ba. Amma masu sharhi sun goge wannan bambanci, har magoya baya na buga "tazarce" a jikin fosta suna murna.

Tambaya: Mene ne ma'anar "banza ba ta kai zomo kasuwa"?

Amsa: Zomo gudu gare shi. In ka gan shi a rataye a kasuwa, wani ya ɗana tarko ko ya sha rana da karnuka. Ma'ana, duk abin da ka gani akwai dalili a bayansa, galibi na amfanin wani. Duba wayarka. Ba ka biyan ko sisi kafin ka buɗe Facebook, amma kusan duk kuɗin shigar Meta, kamfanin da ya mallake shi, daga talla yake fitowa, tallar kuma ana auna ta ne da abin da ka tsaya kallo da abin da ka wuce. Af, tun da an zo nan: wanda ya raɗa wa waɗannan wurare suna "kafofin sada zumunta" mai kyautata zato ne. Ya leƙa su a makon zaɓe.

Tambaya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, "sojan baka" yabo ne ko zagi?

Amsa: Ya danganta da wanda ya biya kuɗin filin rediyon. Su dai masu sana'ar ba sa jin haushin sunan. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.

Tambaya: Ina yawan jin masu sharhin siyasa na cewa "a ƙarshen rana talaka ne zai sha wahala". Hausa ce?

Amsa: Turanci ne aka sa wa hula. Ƙarshen rana magariba ce. Su ce "ƙarshenta" ko "daga ƙarshe".