Amsa kan kafson rage tumbi bayan haihuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce watanki uku da haihuwa, an kawo miki kafson rage tumbi, mai sayarwa ta ce zallar ganye ne, kina tambaya ko yana da illa. Na sha irinsa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Bayan na yaye ɗana na biyu na saya wajen wata a WhatsApp. Biyu nake haɗiya da safe kafin in karya. Sati shida ina murna, siket ya fara yi min yawa. Daga nan sai kasala, sai tashin zuciya, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ga ƙaiƙayi ya hana ni barci. Maigida ne ya fara lura idona ya yi ɗorawa. A gida aka ce shawara ce, har an jiƙo min sassaƙe. Allah ya sa ƙanwata ta matsa sai mun je asibiti. Gwajin hanta na fitowa likita ya ce, "Hajiya, me kike sha?" Ba a same ni da hepatitis B ko C ba. Kwana tara na yi a gadon asibiti, hantar ba ta dawo daidai ba sai bayan wata uku.

Abin da ke cikin nawa tataccen koren shayi ne. Kofin shayi daban, kafso daban, don an tara sinadarin EGCG mai yawa a ƙwaya ɗaya, kuma ya fi shiga jini idan ciki ba komai. A 2018 EFSA, hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, ta ce daga miligiram 800 na EGCG a rana ake ganin alamar taɓuwar hanta. A Amurka ma an janye wani maganin rage ƙiba mai suna Hydroxycut a 2009 bayan rahoto 23 na ciwon hanta, mutum ɗaya ya rasu. A 2013 wani maganin rage ƙiban, OxyElite Pro, ya sa wasu sai da aka yi musu dashen hanta. Waɗannan fa da kamfani da suna. Ina ga wanda ake ɗurawa a roba, ko lambar NAFDAC babu?

Ke kuma shayarwa kike, don Allah ki ajiye shi. In kin riga kin fara, ki daina yau, ki je a yi miki gwajin hanta da na hepatitis B. Ki tafi da robar a jaka, likita zai so ya gani.